Ɗigon Rawaya da ke Cikin Ƙwan Fitila, da Abin da Gilashi Zai Iya Yi wa Daren Zariya

Duk wanda ya saba ratsa lungunan birnin Zariya bayan sallar isha'i ya san yadda hasken dare ya sauya cikin shekaru 20 da suka wuce. Aci-bal-bal ta kusa ɓacewa daga teburin mai shayi, fitilar ƙwai ta zama abin ba yara labari, dogon ƙwan nan da ke ƙyafta ido kafin ya kama shi ma ya ja da baya. Daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, daga zaurukan malamai na Limancin Kona zuwa shagunan maɗinka, haske iri ɗaya ne ya mamaye ko'ina, wato farin hasken fitilar LED. Ta shigo da hujja mai ƙarfi, domin ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, magidanci ya koyi ƙirga kowane wat, musamman wanda ya koma ga sola da batir.

Sai dai akwai alkawarin da fitilar ba ta cika cikawa. A jikin kwalinta akan rubuta cewa za ta yi awa 25,000 tana ci. Idan ana kunna ta awa 6 kowane dare, lissafin ya haura shekara 11. Mai ɗinkin babbar riga da ke zaune ƙarƙashinta yana fitar da aska takwas ya san ba haka abin yake ba. Wani ƙwan yakan mutu farat ɗaya. Wani kuma ya ci gaba da ci, amma haskensa ya dusashe, launinsa ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko ya yi jaja-jaja, har zare biyu da suka yi kama da juna da daddare su fito daban da safe, bayan an riga an yi aikin dare guda da su. Irin wannan mutuwa ta sannu a hankali tana da sanannen dalili, kuma ɗaya daga cikin magungunanta na hannun masana gilashi. Wannan ne ya sa batun ya shafi Zariya fiye da yawancin biranen ƙasar nan.

Farin da aka haɗa da launi biyu

Wanda ya ɓalle farar hular robar da ke kan ƙwan LED zai tarar da wasu ƙananan ɗigo masu launin rawaya a jere kan faranti. Ƙarƙashin kowane ɗigo akwai wani ɗan ƙanƙanin gutsure da aka yi da sinadarin galiyam naitaraid, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Shi ne ainihin fitilar, kuma shuɗin haske kaɗai yake fitarwa. An daɗe da samun jar LED da koriya, amma shuɗiya mai ƙarfi ta gagari masana shekaru da dama, sai da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, suka warware matsalar a Japan. Nichia ya fito da shuɗiyar LED mai haske sosai a 1993, mutanen uku kuma suka karɓi lambar Nobel ta kimiyyar fizik a 2014.

Shuɗin haske ba ya yi wa mai karatu ko mai ɗinki amfani. Dabarar da ta mayar da shi fari, wadda Nichia ya kawo kasuwa a 1996, ita ce a lulluɓe gutsuren da wata hoda da ake kira fosfo. Sunan yana iya rikita mutum, domin hodar ba ta da dangantaka da sinadarin fosfaras na takin zamani. Fosfo suna ne na duk wani abu da ke shanye haske mai wani launi ya fitar da shi da wani launin daban. Wadda aka fi amfani da ita ana kiranta YAG, haɗi ne na itiriyam da alminiyam da oksijin, an barbaɗa masa seriyam kaɗan. Masana biyu na kamfanin Philips a Holan, Blasse da Bril, sun bayyana ta tun 1967, kusan shekara 30 kafin a samo mata wannan aikin.

Abin da ke faruwa cikin ɗigon shi ne, wani kaso na shuɗin hasken yana wucewa ta tsakanin ƙwayoyin hodar bai taɓa komai ba, saura kuma hodar ta shanye shi ta mayar da shi rawaya. Idon ɗan Adam yana haɗa shuɗi da rawaya ya ga fari. Ingancin farin ya dogara ga daidaiton ma'aunin biyun. Idan aikin hodar ya ragu, shuɗi ya rinjaya. Idan abin da ke riƙe da ita ya ƙone ya yi duhu, hasken ya ragu ya kuma karkata zuwa rawaya mai datti. Akwai kuma wani giɓi tun daga farko: haɗin shuɗi da rawaya ba shi da isasshen ja a cikinsa, shi ya sa jan zare ko jar fata ke fitowa a kashe ƙarƙashin fitila mai araha. A ma'aunin fito da launi, wanda hasken rana ke da maki 100, irin wannan fitila takan tsaya wajen 70. Sai an ƙara mata jar hoda take haura 80 ko 90.

Inda zafi ke yin ɓarna

Mutane sukan ɗauka LED ba ta zafi, tunda ba ta ƙona hannu kamar tsohon ƙwai. Zafin nata a tattare yake a wuri ɗan ƙanƙane. Shi kansa gutsuren yana mayar da wani kaso na wutar da ya sha zuwa zafi. Ita ma hodar tana haifar da nata, saboda wani dalili da masanin Birtaniya George Stokes ya bayyana a 1852: hasken da abu ya fitar bayan ya shanye wani yakan kasa na farkon ƙarfi. Tsakanin shuɗi da rawaya, kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin yana zama zafi a cikin ƙwayoyin hodar. Babu dabarar da za ta kawar da wannan asara, abin da ake iya yi kawai shi ne a samar wa zafin hanyar fita.

A nan ne matsalar take. Hoda ba ta tsayawa kan gutsure da kanta, kamar yadda garin lalle ba ya kama hannu sai an kwaɓa shi. Da farko da wani danƙo mai suna ifoksi ake kwaɓa ta, daga baya aka koma ga danƙon silikon, wanda ya fi shi juriya. Amma silikon ba ya tafiyar da zafi. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, ƙarfinsa na wuce da zafi wajen 0.2 ne, gilashi kuwa wajen 1, wato ninki 5 ke nan. Hodar da aka kwaɓa da silikon tamkar garwashi ne da aka naɗe cikin bargo. Da zafin ya yi yawa sai ƙwazon hodar ya ragu, ta ƙara fitar da zafi a madadin haske. Idan aka daɗe a haka, danƙon yakan yi duhu ko ya tsattsage. Ga shi kuma danƙo ne mai numfashi, laima da hayaƙi mai ɗauke da farar wuta suna ratsa shi su baƙanta siririn shafen azurfar da ke ƙasa, wanda aikinsa shi ne maido da haske waje.

Alƙaluman hasken da ke jikin kwali, ko da na gaskiya ne, a ɗakin gwaji mai zafin digiri 25 akan auna su. A Zariya, zafin rana a watannin Maris da Afrilu yana haura digiri 35 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano marar silin kuwa abin ya fi haka nesa ba kusa ba. Tsohon soro mai kaurin bango da rufin azara yana tausaya wa ƙwan fitila fiye da shagon bulo da kwano, kuma da yawa daga gine-ginen birni sun riga sun koma na biyun. Fitilar kan titi tana da nata ƙarin nauyi. Ƙarfen jikinta yana yini yana shan rana, ƙurar hunturu tana cike ramukan da aka yi don su watsar da zafi, damina kuma ta zo da laima.

Gilashi a madadin danƙo

Tunanin da masana suka zo da shi ba shi da sarƙaƙiya: tunda danƙo ne ke gazawa, a maye gurbinsa da abin da ba ya ƙonewa, ba ya canza launi, iska da ruwa ba sa ratsa shi. Akan niƙa gilashi ya zama gari, a gauraya shi da hodar fosfo daidai gwargwado, a danne haɗin ya zama ƙwaya, a saka a tanderu. Garin gilashin yana yin laushi ya manne da juna, ya kulle ƙwayoyin hodar a cikinsa kamar yadda alewa ke kulle gyaɗa. Bayan ya huce sai a yanka shi faifai-faifai masu kaurin da bai kai milimita ɗaya ba, a goge, a ɗora kan gutsuren shuɗi ko a ɗan nesa da shi.

Tun 2005 masu bincike na kamfanin Nippon Electric Glass tare da Setsuhisa Tanabe na Jami'ar Kiyoto suka nuna wata hanya makusanciyar wannan, inda ake sa ƙwayoyin YAG su tsiro a cikin gilashin kansa. A 2012 wata tawaga a Koriya ta Kudu, wadda ta haɗa da Woon Jin Chung na Jami'ar Kongju, ta wallafa sakamakon aiki kan garin gilashi marar dalma da aka gasa tare da hodar, ta nuna ya fi silikon jure zafi da laima. Shi kuwa Nippon Electric Glass yana sayar da irin wannan faifai da sunan Lumiphous, ana kuma amfani da shi a fitilun mota. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin fitilar gaban mota tana buƙatar haske mai yawa daga wuri ɗan kaɗan, kusa da inji mai zafi, na tsawon shekaru.

Wahalar aikin tana cikin daidaita tanderu da zaɓen irin gilashin. Gilashin kwalba ana narka shi a zafin da ya kai digiri 1,500, kuma a irin wannan zafi narkakken gilashi yana cinye ƙwayoyin hodar ya lalata su. Don haka dole a haɗa gilashi mai saurin laushi, wanda zai manne a ƙasa da digiri 800. A da, dalma ce ke sauƙaƙa wannan, amma guba ce, sai aka koma ga boron da zink da makamantansu. Jar hodar da ke gyara launi ta fi rawaya rauni a wuta, tana buƙatar gilashin da ya fi wannan saurin laushi. Haka nan dole yadda gilashin ke lanƙwasa haske ya kusanci yadda hodar ke yi, in ba haka ba hasken ya warwatse a ciki ya ɓace. Ƙananan kumfar iska da ke maƙalewa lokacin gashi su ma sai an san yadda za a sarrafa yawansu. Dukkan waɗannan tambayoyi ne na mai haɗa gilashi, ana amsa su da ma'auni da tanderu da haƙurin gwaji bayan gwaji.

Hujjar masu shakka

Mai gyaran lantarki a Sabon Gari zai iya jin duk wannan bayani ya girgiza kai, kuma yana da gaskiyarsa. Yawancin ƙwayayen fitila masu araha da ke mutuwa a gidaje, ɗan allon da ke daidaita musu wuta ne ke fara lalacewa. A kan allon akwai kafasita mai ruwa a ciki, wadda masu sana'ar ke da ƙa'ida a kanta cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Ga kuma wutar da ke zuwa da rauni yanzu, an jima ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Wasu masu ƙera fitilar suna rage yawan gutsuren su tura wa kowanne wutar da ta fi ƙarfinsa, su kuma sa roba inda ya kamata a sa alminiyam. Babu faifan gilashin da zai ceci irin wannan ƙwai. A fitilun sola na kan titi kuma, sau da yawa batir ne ke riga kowa mutuwa.

Akwai maganar kuɗi. Ɗiga danƙo kan gutsure aiki ne da inji ke yi dubbai cikin ɗan lokaci, gasa gilashi da yanka shi da goge shi kuwa sun fi tsada. Silikon ɗin ma an inganta shi ƙwarai, har ya zamana a ƙwan ɗaki mai kyakkyawar ƙira yana iya yin shekaru ba tare da matsala ba. A can ɗaya ƙarshen, inda zafi ya fi tsanani kamar fitilun leza da kamfanonin BMW da Audi suka fara sa wa motoci a 2014, hodar da aka gasa ta zama tangaran zalla ta fi gilashi tafiyar da zafi ninki da yawa. Gurbin gilashi yana tsakiya: ya fi danƙo juriya, ya fi tangaran sauƙin yi da araha, yana kuma ba da damar haɗa hoda iri biyu ko uku don a gyara launi.

Hujja ta uku ta fi nauyi. Ita kanta hodar ba a Najeriya ake yin ta ba. Itiriyam da seriyam suna cikin ma'adinan da Sin ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke amfani da shi, kuma a Afrilun 2025 ta sanya itiriyam cikin ma'adinai bakwai da sai da lasisi ake fitar da su. Gutsuren shuɗin kuma ana ƙera shi a masana'antun da jarinsu ya fi ƙarfin kasafin kuɗin jami'a.

Duk waɗannan hujjoji karɓaɓɓu ne. Abin da suka nuna shi ne gilashin fosfo ba na ƙwan ɗakin kwana ba ne. Wurinsa shi ne manyan fitilu masu ƙarfi, waɗanda ake ɗorawa a kan dogon ƙarfe inda canza su sai da tsani ko mota: fitilun tituna, na harabar masallacin Juma'a da ƙofar fada, na kasuwa da tasha da asibiti. Waɗannan kuma su ne ake saye da kuɗin jama'a. Hujjojin sun nuna wani abu na biyu, cewa fitila tana da hanyoyin mutuwa aƙalla huɗu, kuma wanda bai san wacce ce ke kashe tasa ba zai yi ta saye yana zubarwa.

Tsakanin Samaru da cikin ganuwa

Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru tafiya ce da ba ta kai kilomita 20 ba. A can Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, take da sashe sukutum na fasahar gilashi da silikat, wanda ya taso daga sashen zayyanar kayan masana'antu. A nan Zariya ɗin kuma akwai cibiyar binciken makamashi ta CERT, mai na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, wadda ke iya tantance sinadaran da ke cikin samfuri komai ƙanƙantarsu. A Basawa akwai NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke yaye masu aikin lantarki. Biranen Najeriya kaɗan ne suka tara waɗannan a wuri guda.

Sana'ar gilashi ma ba baƙuwa ba ce a wannan yanki na duniya. Binciken da Abidemi Babalola ya jagoranta a Igbo Olokun da ke Ile-Ife ya nuna ana haɗa gilashi a wurin tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da wani irin haɗi na musamman mai yawan alli da alminiyam. Masagan Bida har yau suna narka kwalabe su yi duwatsun wuya da warwaro. A ɓangaren masana'antu, kamfanin Beta Glass yana ƙera kwalabe a Agbara da Ughelli. Abin da ya rage shi ne a ɗaga wannan ilimi daga kwalba da abin ado zuwa gilashin da ke yin wani aiki na fasaha, kuma faifan fosfo ƙofa ce mai sauƙin shiga, domin kayan aikinsa na farko tanderu ne da maniƙa da ma'auni da abin goge gilashi.

Hanyar da ta dace ita ce a fara daga aunawa. Ɗakin gwajin fitila yana buƙatar ƙwallon auna haske, da na'urar tantance launi, da akwatunan da za a riƙe su a zafi da laima irin na Zariya. Kuɗinsa bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma yana cikin irin ayyukan da asusun TETFund ke ɗaukar nauyi. Da shi za a iya sayo ƙwayayen fitila daga kasuwar birni da Sabon Gari da Tudun Wada, a kunna su watanni, a wallafa sakamakon da Hausa: wanne ne ya ba da hasken da ya yi alkawari, wanne ya dusashe, wanne ya canza launi, me ya kashe wanda ya mutu. Hukumar SON ce ke da alhakin tabbatar da ingancin kayan da ake shigowa da su, kuma sakamakon gwaji mai zaman kansa daga jami'a zai ƙarfafa mata hannu. Lokacin ma ya dace, tunda ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata, ciki har da Najeriya, sun amince a 2022 da 2023 a daina ƙera fitilu masu sinadarin makuri da cinikinsu mataki-mataki zuwa 2027, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar. LED ce za ta cike gurbin, mai kyau da marar kyau.

Mataki na biyu yana hannun masu sayen fitila da kuɗin gwamnati, daga ƙaramar hukuma zuwa hukumar kula da sayen kayayyaki ta Jihar Kaduna da ofisoshin 'yan majalisa masu ayyukan mazaɓu. Takardar kwangilar da ta ambaci wat kaɗai ta bar ƙofa a buɗe, domin wat ma'aunin wutar da fitila ke ci ne, hasken da take bayarwa da lumen ake auna shi. A duniya akwai gwajin da ake kira LM-80, inda ake kunna gutsuren aƙalla awa 6,000 a zafi daban-daban ana bin raguwar haskensa, daga nan a ƙiyasta lokacin da zai sauka zuwa kashi 70 cikin 100. Ya kamata kwangila ta nemi wannan shaida, ta faɗi zafin da fitilar za ta jure, ta faɗi irin batirin, ta kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an sake auna hasken bayan shekara biyu. Fitilar titi da ke ci awa 12 kowane dare, idan da gaske awa 50,000 take yi, ya kamata ta haura shekara 11. Unguwar da aka ƙaddamar wa fitilu da kiɗa da jawabai, ta koma duhu kafin zaɓe na gaba, an cuce ta sau biyu, domin kuɗin ya tafi kuma ba za a sake waiwayar ta da wuri ba.

Mataki na uku ne binciken gilashin kansa. Ana iya sayo hodar da gutsuren daga waje, kamar yadda masu bincike a ƙasashe da dama ke yi, a mayar da hankali kan abin da ke hannu: wane haɗi na yashi da sauran ma'adinan gida zai ba da gilashi mai saurin laushi marar dalma, ko niƙaƙƙiyar kwalba za ta iya shiga haɗin, wane kauri da wane gwargwadon hoda ke ba da farin da mai ɗinki zai yarda da shi. Ko da ba a kai ga sayar da faifai ko ɗaya ba cikin shekara biyar, za a sami ɗalibai da suka san fitila ciki da bai, waɗanda za su iya zama a kwamitin kwangila ko a tashar jiragen ruwa su bambance gaskiya da ƙarya. Akwai mai cewa ai tulin ƙasar da haƙar kuza ta bari a Jos yana ɗauke da monazait mai seriyam, me zai hana a yi hodar a gida. Gaskiya ne ma'adinin yana nan, amma yana tafe da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, kuma raba waɗannan sinadarai da tsarkake su masana'anta ce mai zaman kanta. Wanda ya fara da wannan buri zai ƙare da taron ƙaddamarwa da ginin da ba kowa ciki.

Zariya ta san darajar wanda ya fahimci kayan aikinsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarim, a farkon rabin ƙarni na 19, da ƙasa da azara, kuma abin da ya sa masana gine-gine na duniya ke nazarin bakan-gizonsa shi ne ya san iyakar nauyin da kowannensu zai ɗauka. Irin wannan sani ake buƙata game da ɗigon rawayan da ke cikin fitila. Aikin farko ba ya jiran kasafin kuɗi. Ɗaliban sashen gilashi da na lantarki suna iya zagaya shagunan maɗinka da makarantun dare da masallatan unguwanni daga Kwarbai zuwa Unguwar Juma, su tara buhu guda na matattun ƙwayayen fitila da waɗanda suka dusashe, su rubuta inda aka rataye kowanne da tsawon zamansa, su buɗe su ɗaya bayan ɗaya su ƙirga nawa ne allo ya kashe, nawa ne danƙo ya ƙone. Ƙididdigar da za ta fito daga buhun ita za ta nuna inda ya kamata a fara kashe kuɗin bincike, da sharaɗin da ya kamata a fara rubutawa cikin takardar kwangila.